Na San Kowane Titi a Gari, Amma Na Rasa Hanyar Kekena

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara kafin wata ya mutu, domin maiɗakina ta ɗaure min keke da sarƙa, makullin kwaɗon kuma yana cikin jakarta. Na san wani zai karanta wannan ya yi dariya, ya ce mutane na kawo manyan matsaloli, ga wani dattijo ya zo da kukan keke. To, ya yi dariyarsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shekarata hamsin da bakwai. Talatin da ɗaya daga ciki a bayan sitiyari na yi su, ina tuƙa bas ta haya a cikin gari. Abokan aiki Taswira suke kirana, saboda babu titin da za ki ambata ban gaya miki inda ya fara da inda ya ƙare ba, da ramukan da ke cikinsa, da lokacin da yake cunkushewa. Sabon direba in ya rikice, wurina ake turo shi. Bara na ajiye aiki, ba don na so ba. Likita ya auna ni ya ce suga ya hau, jini ya hau, tumbi kuwa ba sai an auna ba, kowa na gani. Ya ce magani kaɗai ba zai yi ba sai na motsa jiki. Na gwada sassarfa, gwiwar hagu da ta shekara talatin tana taka kuloci ta ce ba da ita ba. Shi ne 'yata ta fari, wadda take aikin jinya, ta samo min keken tsere na hannu, irin mai siririyar tayar nan da lanƙwasasshen hannu, marar nauyi, da yatsa biyu sai ki ɗaga shi. Ta haɗo min da hular kwano da famfo. Ranar da ta kawo shi ta riƙe hannuna ta ce so take 'ya'yanta su girma su san kakansu. Maganar ta zauna min a rai.

Na yi mako biyu ina zagaya layinmu har na saba da giya da birki. Malama, ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗin da na manta akwai irinsa. Barci ya dawo min, ciwon bayan nan ya ragu, har awon suga ya fara sauka. Sai na ce layi ya yi min kaɗan, bari in fita titi.

Ban tambayi kowa hanya ba. Wa zan tambaya, ni Taswira? 'Yar tawa ta sa min wata taswira a waya, ko buɗe ta ban yi ba, na ce wanda ya zana ta ma ni ya kamata ya tambaya. Na zaɓi hanya yadda na saba zaɓa: babban titi mai kwalta sumul, miƙaƙƙe, daga unguwarmu zuwa shataletale, a haye gada, a zagayo ta tasha a dawo. Hanyar da na bi sau dubu nawa, ko idona a rufe.

Ashe ban san ta ba. Wallahi shekara talatin da ɗaya ina rantsuwa cewa titin nan shimfiɗaɗɗe ne, sai da na hau keke na gane kafin gada akwai hawa mai tsawo, inji ne yake ɗauke min shi ban sani ba. Na isa samansa numfashi na fita da ƙyar. Sannan gefen titi, inda mai keke yake rayuwarsa, wata duniya ce da ban taɓa kallo ba. Nan duk yashi yake taruwa, da fasassun kwalabe, da ƙusoshi. Nan murfin magudanar ruwa yake da tsaga daidai faɗin tayata. Nan mai mota yake buɗe ƙofa ba tare da ya waiga ba. Tirela in ta wuce, iskarta kaɗai sai ta ture ki. A cikin kwana goma na yi faci uku, har mai gyaran keke na bakin kasuwa ya fara tsokanata wai ya samu kwastoma na dindindin.

Duk da haka ban sauya hanya ba, don taurin kai. Sai ranar wata Talata da safe, ina tafiya a gefena, wata bas ta sha gabana ta yanko gefe ta taka birki don ta ga fasinja ya ɗaga hannu. Ba ni da wurin zuwa sai kwalbati. Na faɗi, gwiwar hannu ta ɗaye, wuyan hannu ya kumbura, hular kwano ta tsage ta baya. Da ba ta kaina, da wani ne yake rubuto miki labarina. Ina kwance ina kallon bas ɗin ta kwashi fasinjanta ta wuce. Ban ga direban ba, amma na san abin da ke ransa sarai, domin wannan yankan ni kaina na koya wa direbobi da yawa shi. Mukan ce fasinja ba ya jira, mai keke kuwa shi zai san yadda zai yi.

Da na shigo gida da jini a riga, maiɗakina ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Ta wanke ciwon, ta ɗaure. Da ta gama ta ɗauko sarƙar da muke kulle janareta, ta ɗaure keken a ƙarfen tagar baranda. Ta ce ta yi shekara talatin tana jin gabanta na faɗuwa duk lokacin da aka ce an yi hatsari a titi, ta ɗauka ta huta, ba za ta sake sabon zaman fargaba ba. Sharaɗinta ɗaya ne: in nuna mata hanyar da babu bas babu tirela, ta gani da idonta, sai ta buɗe. In wata ya ƙare ban nuna ba, keke ya koma gidan 'yarta. Yau kwana goma sha biyu ke nan. Kullum na fito baranda sai mu haɗa ido da keken, awon suga kuma ya fara komawa inda ya fito.

Na zauna da takarda da biro in zana hanya, Malama, kowane layi na ja sai ya faɗa babban titi. Kaina ba ya iya tunanin wata hanya sai wadda bas take bi. Da abin ya ishe ni na haɗiye girman kai na tambayi mai gyaran keken nan. Ya ce ai mutum ɗaya ne a garin nan yake ratsa shi daga wannan ƙarshe zuwa wancan ba tare da tayarsa ta taɓa babban titi ba, wato dattijon nan mai raba burodi a kantuna, mai akwatin katako a bayan keke. Ya ce ta bayan makaranta yake bi, ya gangara gefen layin dogo, ya ɓulla ta wajen masu sayar da dashen itatuwa, amma lungunan da ke haɗa su shi kaɗai ya san su. Ya ce in same shi, mutum ne mai sauƙin kai.

To, a nan gizo yake saƙa, kuma wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba, har maiɗakina. Na san dattijon nan. Mu direbobi Kunkuru muke kiransa, saboda akwatin da ke bayansa da yadda yake tafiya a hankali. A da babban titi yake bi, kullum da safe muna tsokanarsa da danna masa odar mota. Shekara tara da suka wuce, a kwanar da ke kafin gada, na yi masa daidai abin da aka yi min ranar Talata. Na yanko gabansa don fasinja biyu. Ya kauce ya faɗa magudanar ruwa, akwatin ya fashe, burodi ya watse a kan titi. Na gan shi a madubin gefe yana ƙoƙarin tashi, ya koma ya zauna riƙe da ƙafa. Wasu fasinjoji suka yi dariya, wata mata ta ce in tsaya. Ban tsaya ba. Na ce wa kaina ai ban taɓa shi ba, shi ya faɗi da kansa. Daga ranar ban sake ganinsa a babban titi ba, na kuwa manta da shi kamar yadda ake manta ramin da aka wuce. Yanzu na gane hanyoyin nan da nake nema, ni na kore shi ya je ya nemo su.

Makon jiya na yi wani abin kunya. Na ari tsohon keken maƙwabcina da sassafe, na laɓe kusa da gidan burodin, na ce zan bi shi a baya in haddace hanyar ba tare da na yi masa magana ba. Da ya fito yana tura keken kafin ya hau, na ga yana ɗingisa ƙafar dama. Ban sani ba ko tun asali haka yake, ko tsufa ne, ko ni ne. Na bi shi ta bayan makaranta, lungu biyu, uku, wurare masu inuwa da shiru waɗanda ban taɓa sanin suna garin nan ba. Muka zo wani ɗan hawa, shi da kayansa ya haye kamar ba komai, ni kuwa na tsaya a tsakiya ina haki. Da ya kai sama sai ya sauke ƙafa, ya juyo, ya tsaya yana jirana. Har ya ɗaga min hannu alamar in taho a hankali. Malama, juya keken na yi na gudu gida kamar ɓarawo.

Yanzu ga tambayata. Na yi furfura, na tara gemu, in na sa hula da tabarau da wuya ya gane ni. In je in tambaye shi hanya a matsayin baƙo, in karɓi abin da nake so in yi shiru? Ko in bar keken ya tafi, in koma kujera da ƙwayoyin magani, tunda wataƙila abin da na shuka ne nake girba? Ina tsoron in faɗa masa gaskiya ya tsine min a gaban mutane, in rasa hanyar, in rasa mutunci. Kwana goma sha takwas suka rage min.

Naki,
Tsohon Direba

*

Baba Direba,

Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ban yi dariya ba, don wasiƙarka ba ta keke kaɗai ba ce. Amma bari mu fara da keken, tunda shi aka ɗaure.

Da farko, maiɗakinka tana da gaskiya, kai ma kana da ita. Jikinka yana bukatar keken nan, awon suga ya ba da shaida. Ita kuma ta ga tsagaggiyar hula, ta san abin da ya saura kaɗan ya faru. Ka lura ba ta ce ka daina hawa ba, cewa ta yi ka nemo hanya. Wannan ba hukunci ba ne, aiki ta ba ka, kuma aikin da ya kamata ka yi tun kafin ka fita titi. Maganar ka bar keken ya tafi don ka hukunta kanka, cire ta daga ranka. Komawarka kujera ba za ta gyara ƙafar kowa ba, jikokinka kawai za ta cuta.

Kuskurenka na direba ne: ka zaɓi hanya da idon mai neman fasinja da sauri. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Amma kada ka raina shekarunka talatin da ɗaya, domin taswirar tana kanka, a kife kawai take. Koma kan takardarka, wannan karon ka rubuta titunan da kake ƙi lokacin da kake tuƙi. Wanda ka ce babu fasinja, wanda ka ce tudun rage gudu ya yi masa yawa, wanda ka ce ya cika kwana-kwana yana ɓata lokaci. Duk titin da direban bas ya tsana, mai keke ya fara dubawa can. Ka kuma san wuraren da bas take tsayawa da sa'o'in da titi yake haukacewa fiye da kowa, sai ka yi amfani da sanin wajen kauce musu.

Kada ka nemi ratsa gari tukuna. Nemi ɗan zagaye kusa da gida, na minti ashirin ko talatin, wanda in taya ta yi faci za ka iya turo keken ka dawo. Ka fara bin sa da ƙafa, a daidai lokacin da za ka riƙa hawa, domin layin da yake shiru da hantsi yana iya zama kasuwa lokacin kai yara makaranta. Kana tafe kana kallon ƙasa: yashi, murfin magudana, inda motoci suke fakawa. In dole sai ka tsallaka babban titi, sauka ka tura, babu wanda ya taɓa raguwa don ya tura keke. Taswirar wayar nan ma buɗe ta, ba ta cizo, sai dai duk abin da ta nuna maka ka tabbatar da ƙafarka. Hular da ta tsage ta gama aikinta, a sake wata. Ka sa riga mai haske, ka ɗauki ruwa, ka kuma tambayi likitanka abin da mai suga ya kamata ya riƙe a aljihu in zai yi nisa, ya duba maka wuyan hannun nan kafin ka koma. In ka samu zagayen, ka ɗauki maiɗakinka ku taka shi tare, ta gani da idonta kamar yadda ta nema. Kullum za ka fita ka gaya mata ta inda za ka bi da lokacin dawowa. Kwana goma sha takwas sun ishe ka wannan har da saura.

Ka ga ke nan za ka iya karɓo makullinka ba tare da dattijon nan ba. Da gangan na fara nuna maka haka, don kada ka je wurinsa saboda bukata.

Shawarar ka je a matsayin baƙo, ban ba ka ita ba. Ka riga ka ɗauke masa hanya sau ɗaya, kada ka koma ka ɗauki ta biyu da fuskar aro. Kuma ko ya nuna maka, kowace safiya za ka riƙa bin lungunan nan kana sunkuyar da kai, kana tsoron ranar da zai gane ka. Wanda yake hawan keke don jininsa ya sauka bai kamata ya ɗora wa kansa wannan kayan ba.

Ka je wurinsa da ƙafa, ba hula ba tabarau, bayan ya gama rabonsa, inda babu idon jama'a. Ka faɗi sunanka da aikinka na da, ka ambaci kwanar da ranar, ka ce kai ne, ka gani kuma ba ka tsaya ba. Kada ka ce ai ba ka taɓa shi ba, kada ka kawo labarin taka faɗuwar don ya tausaya maka. Ka tambaye shi ƙafar, ka saurari amsar ko da mai ɗaci ce, in akwai abin da za ka iya yi a kai ka yi. Ranar kada ka tambaye shi hanya ko da wasa, don neman gafara ba ya tafiya da roƙon alfarma a aljihu. Zai iya yafewa, zai iya yin fushi, zai iya cewa ka ba shi lokaci. Duk wanda ya zaɓa haƙƙinsa ne, ba zan yi maka alkawarin abin da ke zuciyar wani ba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wanda kake da laifinsa. Kafin ka tafi, ka ba maiɗakinka labarin. Matar da ta wanke maka ciwo da hannunta za ta iya ɗaukar wannan ma.

Abu na ƙarshe, Baba. Ka ce da wuya ya gane ka. Wataƙila haka ne, wataƙila kuma wanda ya faɗi ya fi wanda ya kayar riƙe fuska. Ni abin da na riƙe daga wasiƙarka shi ne wannan: shekara tara da suka wuce ka gan shi a madubi yana ƙasa, ka wuce. Makon jiya shi ko madubi ba shi da shi, amma ya ji wani na haki a bayansa, ya sauke ƙafa ya jira. Ya riga ya tsaya maka. Saura kai ka ƙarasa hawan.

Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa, ya sanyaya zuciyar maiɗakinka da ta dattijon nan, ya kai ka ya dawo da kai gida lafiya a duk hanyar da ka bi.

Taka,
Malama